Igiyar Da Ba A Ja Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

South Shields, bakin kogin Tyne,
Watan Rabi'ul Awwal, 1360.

Daga Babban Kwamandan jiragen yaƙin Tekun Arewa, mai zinariya a kafaɗa da bakin hannun riga, wanda in ya yi tari jirage ɗari ke kama hanya, zuwa ga dattijo mai daraja, Malam Galib ɗan Sabit, a ƙasar Hujariyya. Gaisuwa mai yawa, da ban girma, da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sassauta maka tarin da ƙurar kwal ta bar maka a ƙirji, Ya sa albarka a gonakinka na kan dutse, amin. Kada ka yi mamakin ganin Bature mai muƙami irin nawa yana rubutu da baƙaƙen allo. A mako guda na koya, shi ya sa layukan suka karkace kamar hanyar awaki. Ban aiko ta gidan waya ba, don masu duba wasiƙu ba sa jin kunyar kowa da almakashinsu, ko da Kwamanda ne. Naji mai dafa abinci a jirgi zai kawo ta Adan a cikin hularsa, in Allah Ya tsare hanya.

Mutanenka na nan duk lafiya. Baba Mus'id har yanzu shi ke riƙe da gidan saukar ma'aikatan jirgi, ya ƙara ƙiba duk da ana auna abinci da kati, abin da ya gagari ofishina bincike. Matarsa Inna Elsi tana gaishe ka, ta ce tun da ka tafi ba ta ƙara samun mai yaba miyarta yana yamutsa fuska ba. 'Yarsu Nora ta haihu, namiji, an sa masa Salim. Bom ya faɗi a bayan layinku kafin babbar salla, tagogi suka zube, rufin ɗakin cin abinci ya tsage, amma ba a rasa rai ba sai kaza ɗaya. Shayi ya zama kamar magani, ganye ɗaya sai ya ga ruwa uku kafin a sallame shi.

Bayan haka, dalilin takarda shi ne ɗan 'yar'uwarka Mukbil, wanda ka kawo garin nan yana ɗan shekara goma sha biyar, ka bar shi a nan da ka koma gida. Na so in aiko maka da labarin lambar yabo. Ba haka Allah Ya nufa ba.

Ba sai na tuna maka wane ne Septimus Heslop ba, amma dokar ofishinmu ta ce a rubuta komai. Shi ne tsohon nan mai ƙaramin jirgi mai inji da ke kama wa manyan jirage igiya in za su tsaya a tasha. Shi ne ya tsamo ka daga kogi da rotsattsen kai a shekarar da aka yi rigimar neman aiki a bakin ruwa, ya rufe ka da tamfol, ya kai ka gidansa, matarsa Nelli ta yi jinyarka kwana tara. Ta rasu bayan tafiyarka da shekara guda, na san an rubuto maka. Ranar da za ka hau jirgin komawa ka kama hannun yaron nan ka sa a nasa, ka ce Baba Sep bai haihu ba, to ga ɗa. Tsohon ya ce shi kare ya so a ba shi, amma tun da wannan aka samu, zai gwada. Daga ranar suke aiki tare.

Da yaƙi ya yi zafi bara, hukuma ta tattara duk wani ƙaramin jirgi mai inji a kogin, na masunta da na masu kuɗi da ke yawon shan iska ranar Lahadi. Aka karɓi na Baba Sep. Aka shafe shi da fenti ruwan toka tun daga goshi har wutsiya, sunan Nelli da tsohon ya rubuta da hannunsa ya shige ƙarƙashin fenti, aka buga lamba a wurin. Aka kafa masa wata tsohuwar bindiga da ta ga wancan yaƙin, aka ce daga yau jirgin yaƙi ne. Aikinsa shi ne ya fita kowace safiya kafin a buɗe wa manyan jirage hanya, ya zagaya bakin kogi da gaɓar teku yana duba nakiyar ruwa, irin baƙaƙen tulunan nan masu ƙaho da Jamus ke zubawa. Aka ce mai jirgi zai iya zama a kan sitiyarinsa in bai wuce shekara hamsin da biyar ba. Baba Sep yana da sittin da bakwai. Ya shafa wa gashin bakinsa man takalmi, ya je ya ce hamsin da huɗu, mai rubutu ya dube shi, ya dubi jerin jiragen da ba su da matuƙa, ya rubuta hamsin da huɗu. Aka ba su shugaba, Laftana Farnaby, ɗan shekara ashirin da uku, wanda kafin yaƙi akawu ne a kudu, da wani mai kula da bindiga.

Ga abin da ba wanda ya sani sai su biyu. Yanar ido ta rufe idanun Baba Sep tun shekara biyu da suka wuce. Kogin kam ya san shi da kunne da hanci da tafin ƙafa, in ka ɗaure masa fuska zai kai ka teku ya dawo da kai bai taɓa komai ba. Abin da ke yawo a kan ruwa ne ba ya gani sai ya zo dab da shi. Sai muka, wato sai suka yi dabara. Suka ja siririyar igiya mai kwalta ta ƙarƙashin katakon gefen jirgi, daga goshi inda yaron ke tsayawa yana duba hanya, har gindin sitiyari inda tsohon ke naɗa ta a ɗan yatsa. Ja ɗaya dama, ja biyu hagu, ja mai tsawo a tsaya. Wata tara suna haka, ko gungumen itace ba su taɓa gogawa ba, sun gano nakiya ta gaske har biyu. Laftana yakan ce bai taɓa ganin matuƙi mai kaifin ido kamar Mista Heslop ba, tsohon kuma yakan ce ai kifi yake ci da yawa.

To ka san halin ɗanka. Shi ne ya ɗinke wa Baba Mus'id ƙafar wando ranar Juma'a, shi ne ya sa wa liman ƙaguwa a takalmi. Laftanan nan kuwa ya tsaya masa a wuya. Ba mugu ba ne, amma bai taɓa koyon sunan yaron ba, kullum Joni zo, Joni tafi. Yana da wani ɗan littafi mai hoton nakiya, kowace safiya sai ya buɗe shi ya tambayi ƙaho nawa take da shi, kamar mai biya wa yara karatu. Yakan ce idon sojan ruwa na gaske daga mil guda yake gane ta, alhali duk biyun da aka gano yana can wutsiya yana ba kifi karin kumallonsa, don da an fita bakin kogi cikinsa ke juyawa. Sai yaron ya ce bari ya ga yadda idon sojan ruwa na gaske ke yi.

Ya samo tulun ƙarfe irin wanda masunta ke ɗaura wa taru, ya shafe shi da kwalta. Saura ƙahoni. Ka tuna kujerarka ta gefen murhu a ɗakin cin abinci? Rufin da ya tsage ya karya mata baya, Inna Elsi ta fitar da ita tsakar gida don a yi makamashi. Ƙafafunta huɗu ya cire ya ɗaura wa tulun, ya baƙanta su, ya sa dutse da igiya a ƙasa don ya tsaya wuri ɗaya. Wallahi ya yi kyau, ko Bajamushe sai ya gaishe shi. Ranar wata Talata hazo ya sauka har aka hana jirage shiga da fita, aka kashe inji a gindin katangar teku don cin abincin rana, yaron ya zare tulun daga buhu ya sake shi ta baya. Hazo ya haɗiye shi.

Washegari gari ya waye tas, rana ta fito, ana hango har hayin arewa. Suka fita kamar kullum. Yaron ya hango abinsa tun daga nesa, yana lilo a tsakiyar hanya, sai ya fara cizon leɓe. Lissafinsa shi ne Laftana zai gani ya kurma ihu, a yi dariya, a wuce. Amma Laftana yana sunkuye a gefe da cikinsa. Jirgi ya yi ta matsowa. Igiya tana hannun yaron, bai ja ba, don ya san kujera ba ta fashewa, kuma so yake a matsa sosai abin ya yi armashi. Dariya ta ci ƙarfinsa har ya durƙusa ya ɓoye fuska. Abu ɗaya ne bai shiga lissafinsa ba: in bai ja igiya ba, mutumin da ke riƙe da sitiyari makaho ne.

Laftana ya ɗago kai abin yana kamu goma a gabansu, baƙi wuluk, a hasken rana, daidai saitin fuskar matuƙi. Ya yi ihun nakiya, nakiya a gaba. Baba Sep ya buɗe idanunsa sosai, ya juya su dama da hagu, ya tambaya, ina? Kalmar nan ɗaya ita ta gama da shi. Jirgi ya daki tulun, ƙwal, Laftana da mai bindiga suka zube a ƙasa suka rufe kai. Ba abin da ya tashi sai tsuntsaye.

Da aka jawo shi ciki aka ga aikin hannu ne, Laftana bai ma waiwayi yaron ba, ya ɗauka shi ma cikinsa ne ya juya shi ya sa yake durƙushe. Ya ja da baya taku goma, ya ɗaga hannu ya ce Mista Heslop ya faɗa masa yatsu nawa ya ɗaga. Tsohon ya ce ya tambaye shi zurfin ruwan da ke ƙarƙashinsu mana, ko inda igiyar ruwa za ta juya nan da sa'a guda, shi da yake kogin nan tun uwar Laftana ba ta yi wayo ba. Laftana ya ce yatsu nawa. Tsohon ya ce huɗu. Ba yatsu ba ne, Malam Galib. Hularsa ya ɗaga.

Sai Laftana ya koma kan tulun, ya ce duk wanda ya yi wannan a lokacin yaƙi kurkuku ne makomarsa, in baƙo ne kuma daga kurkuku sai korar ƙasa. Baba Sep ya ce a miƙo masa ya taɓa. Ya bi ƙahonin ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu, a na uku babban yatsansa ya tsaya a wuri ɗaya, ya daɗe. Sannan ya ce aikin yaran hayin arewa ne, 'ya'yan masu gasa kifi, ba su da tarbiyya tun kakanninsu. Yaron yana tsaye kamu biyu daga gare shi, da bakinsa, da harshensa, bai ce uffan ba. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wannan karon tsuntsun ya koma gida a bushe.

Likita ya duba tsohon washegari, aka sallame shi. Jirgi kuwa na hukuma ne har yaƙi ya ƙare, farar hula ba ya taka shi. Ya zo ya kwashe butar shayinsa da lofensa. Tsohon kwat ɗinsa ya bari, ya ce wa yaron injin ba ya son sanyi, a riƙa rufa masa. Da ya hau tudu ya sunkuya ya shafa gefen jirgin, daidai inda sunan yake a ƙarƙashin fenti, ya tafi yana laluben bango.

Mako uku aka yi. An kawo sabon matuƙi daga kudu mai idanu biyu garau, ya ɗora jirgin a kan yashi sau biyu. Injin ya ƙi kowa, sai an yi rabin sa'a ana zaginsa kafin ya tashi. Kowace safiya Baba Sep yakan zo ya zauna a kan turken ɗaure jirage yana saurare, in sun wuce ya ɗaga murya ya ce ana shaƙe masa Nelli, a rage mata mai, 'yan banza. Yaron ya koma bin wani lungu don kada su haɗu. Abinci ya daina shiga, har Inna Elsi ta ce ko soyayya ce, ta fara lissafa 'yan matan layi.

Ranar Lahadi tsohon ya zo cin shinkafa da naman rago kamar yadda ya saba tun zamaninka, sai dai yanzu ragon sunansa kawai ke cikin tukunya. Da zai tafi ya ce yaron ya raka shi, matakalar ƙofa ta yi masa tsawo. A waje ya riƙe masa hannu ya ce wata kujera ce ya tuna, wadda ƙafarta ta tsage a shekarar da Gali, wato kai, ke jinyar rotsi, shi ya ɗaure ta da ƙusar jan ƙarfe irin ta jirgi, kuma ya ji daɗi da ya ga har yanzu ƙusar na riƙe. Iyakar abin da ya ce ke nan. Yaron ya fashe da kuka a kan titi, ƙato da shi, ya ce gobe zai je ya faɗi gaskiya. Tsohon ya ce in ya kuskura sai ya karya masa wuya, gaskiyar za ta wanke masa ido ne? Ya ce ya tsamo kawun daga ruwa, ba zai zauna ya ji an jefa ɗan ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, ashe ko babban ba shi da ido.

Yaron bai ji maganar ba. Wannan ne karo na farko da rashin jinsa ya yi wata rana. Litinin da safe ya tsaya gaban Laftana ya faɗi komai, tulu da kwalta da kujera, sannan ya kai shi goshin jirgi ya ɗaga katako ya nuna masa igiya. Laftana ya ja ta, ya je gindin sitiyari ya ga inda ta ci itace ta yi kwari. Ya tambaya tun yaushe, aka ce tun ranar farko. Ya ce da nakiyar gaske ce fa? Yaron ya ce da ta gaske ce da ya ja. Laftana ya ce to da atishawa ta zo masa a daidai lokacin, ko igiyar ta tsinke, rayuka huɗu a kan zare ɗaya?  Sannan ya tambaye shi, wai ma mene ne sunansa. Ya maimaita sau biyu har ya faɗe shi daidai.

Bai rubuta maganar tulu ba. Abin da ya rubuta shi ne yaron bai dace da ƙaramin jirgi ba, a mayar da shi cikin ma'aikatan manyan jirage. Jibi zai shiga ɗakin wutar wani jirgin kwal da ke bin gaɓa zuwa kudu, aikinka na dā, shebur da tanderu. Ka san hanyar, ka kuma ji abin da ake yi wa jirage a kanta yanzu. Amma Laftana ya rubuta wata takarda ta biyu, ya ce injin jirginsa ba ya tashi sai da mutum ɗaya, kuma tayar da inji ba ya bukatar ido. An yarda Baba Sep ya riƙa hawa in jirgi yana ɗaure, safe da yamma, ya tayar, ya kashe, ya shafa mai. Sitiyari kam ya tafi har abada. In sun kwance igiya sai ya sauka ya koma kan turkensa. Abin da yaron ya iya maido masa ke nan daga abin da ya ƙwace, kamar wanda ya ƙona rumbu ya kawo mudu.

Kwana biyu tsohon bai yi masa magana ba. Jiya ya kira shi, ya ce wawa ne jikan wawaye, kan nan nasa irin na kawunsa ne, ko an fasa ba abin da zai fito. Sannan ya sa masa wani abu a tafin hannu. Ashe ya roƙi mai bindiga ya zaro masa ƙusar daga ƙafar kujerar. Ya ce a aika wa Gali, a gaya masa kujerarsa ta shiga soja, ta yi kwana ɗaya a bakin daga, ta kuma kayar da hafsa guda. Za ka same ta a naɗe cikin ƙyalle a tsakiyar takardar nan.

A gai da Inna Takiyya, a ce mata ɗanta yana ci yana ƙoshi, kada a karanta mata wurin jirgin kwal. A gai da Gwaggo Kadariyya, da Nuriyya da mijinta, da Kayid da ƙannensa. A gai da Malam Abdulwali, a ce masa bulalar da ya ce ta rage saura ɗaya, gaskiyarsa. In ka sami mai rubutun Turawa a Adan, ka aiko wa Baba Sep layi biyu, Inna Elsi za ta karanta masa. Ba ya faɗa, amma yana tambayar Naji labarinka.

Kawu, babu wani Kwamanda. Na san tun layin farko ka gane, wane Bature ne ya san hanyar awaki. Sau uku na fara takardar nan da sunana, duk inda na zo wurin igiyar sai alƙalami ya ƙi rubuta ni, shi ya sa na ari rigar wani. To ga shi na tuɓe. Ni na yi tulun, ni na cire ƙafafun kujerarka, ni na riƙe igiyar ina dariya ban ja ba, ni na tsaya shiru ana zagin yaran hayin arewa. Ka ba shi ni a matsayin ɗa, ya mai da ni idonsa, na rufe. Shi ya yafe tun ban roƙa ba, abin da ya fi duka ciwo ke nan. Naka nake jira. In amsarka ta zo ina teku, za a ajiye mini a wurin Baba Mus'id.

Ɗanka mai kunyar haɗa ido da kai, ko a takarda,
Mukbil.